Harɗaɗɗen Suna a Harshen Norwe: Ƙira, Ƙarfin Furuci da Rabon Gaɓa

1.0 Gabatarwa

Harshen Norwe yana cikin rukunin harsunan Jamusanci na arewa, tare da harsunan Suwidin da Danmak. Ana rubuta shi ta hanyoyi biyu, Bokmål da Nynorsk. Misalan wannan takarda daga Bokmål suke. Ɗalibin da ya saba da harɗaɗɗun sunayen Hausa, irin su gidan sauro da likitan haƙori, zai amfana da ganin yadda wani harshe ke yin wannan aiki ta wata hanya daban. Abin da za a nuna shi ne, harɗaɗɗen suna a wannan harshe kalma ɗaya ce tak, kuma duk wanda ya kasa gano iyakar sassanta zai kuskure furuci da rubutu da ma'ana.

2.0 Ƙirar Kalma

A Hausa, kalmar da ke ɗauke da ainihin ma'ana ita ke zuwa a farko. A harshen Norwe kuwa a ƙarshe take zuwa:

tann (haƙori) + lege (likita) = tannlege (likitan haƙori)
hus (gida) + båt (jirgin ruwa) = husbåt (jirgin ruwan da ake zama a ciki)
båt + hus = båthus (rumfar ajiye jirgin ruwa)

Ke nan daga ƙarshe ake fara fassara. Sashen ƙarshe ne kuma ke tantance jinsi. Ana cewa en båt da et hus, don haka sai a ce en husbåt amma et båthus.

Wani lokaci akan saka mahaɗi -s- ko -e- a tsakani, kamar yadda Hausa ke saka -n ko -r:

arbeid + s + dag = arbeidsdag (ranar aiki)
barn + e + hage = barnehage (makarantar renon yara)

Bambancin shi ne, a Hausa jinsi ne ke zaɓen mahaɗi, amma a nan babu ƙa'ida guda da ta game kowa. Dole ɗalibi ya riƙe kowace kalma da mahaɗinta, domin yana iya sauya ma'ana: landmann manomi ne, landsmann kuwa wanda aka haɗa ƙasa da shi.

3.0 Ƙarfin Furuci

Hausa ba ta bambanta kalmomi da ƙarfin furuci, da karin sauti da tsawon wasali take aiki. A harshen Norwe kowace kalma tana da gaɓa ɗaya da ake ƙarfafawa fiye da sauran. A harɗaɗɗen suna, babban ƙarfi yakan faɗa a sashen farko, sashen ƙarshe ya sami ƙarami: TANNlege, BARnehage, HUSbåt. Wannan ne ke sanar da mai sauraro cewa kalma ɗaya ya ji.

Shi ya sa raba kalmar a rubuce ke jawo ɓarna. Ananasringer na nufin abarba da aka yanka zobe-zobe. Idan aka rubuta ananas ringer, sai mai karatu ya ƙarfafa kowace kalma, ma'ana ta koma "abarba tana buga waya". Kuskure ne da ake yawan gani a allunan shaguna, kuma hukumar kula da harshen, Språkrådet, tana jan hankali a kansa.

Har ila yau, yawancin kare-karen harshen suna da kari iri biyu a kan gaɓar da aka ƙarfafa. A karin Oslo, kari kaɗai ke raba bønder (manoma) da bønner (wake) a furuci. Wannan ba baƙon abu ba ne ga kunnen Bahaushe.

4.0 Rabon Gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce: BW, BWW da BWB. Harshen Norwe ya yarda baƙaƙe su jeru, kamar a språk (harshe), mai tsarin BBBWB. Idan za a raba kalma marar harɗawa a ƙarshen layi, akan tura baƙi ɗaya zuwa sabon layi: kas-te (jefa). A harɗaɗɗen suna kuwa iyakar sassa ake bi:

(a) hus-arbeid (aikin gida), ba hu-sarbeid ba.
(b) Mahaɗi yana bin sashen farko: arbeids-dag, barne-hage.
(c) Idan baƙi iri ɗaya uku suka haɗu, ana sharar da ɗaya: fotball + lag = fotballag (ƙungiyar ƙwallon ƙafa). Da zarar an raba kalmar sai ya dawo: fotball-lag.

5.0 Kammalawa

An ga cewa ƙira da ƙarfin furuci da rabon gaɓa duk sun dogara ga iyakar da ke tsakanin sassan kalma. Idan ɗalibi ya ci karo da doguwar kalma kamar jernbanestasjon, sai ya fara neman iyakoki: jern (ƙarfe), bane (hanya), stasjon (tasha). Ya ƙarfafa gaɓar farko, ya fassara daga ƙarshe, sai ya sami tashar jirgin ƙasa.