Shafa Wa Kilarinet Mai: Gyara Ne Ko Ɓarna?

Idan kana bin mabusa a TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka ci karo da wannan gardamar ba. Wani ya ce kilarinet ɗin katako sai da mai, wani ya ce ɓata lokaci ne kawai. To, wa za a bi?

Kilarinet dai ita ce baƙar sarewar nan mai maɓallan ƙarfe da ake gani a hannun 'yan badujala. Johann Christoph Denner ne ya ƙirƙiro ta a birnin Nuremberg na Jamus wajen shekarar 1700. Masu tsadar cikinsu ana sassaƙa su ne da wani baƙin icce da ke fitowa a Tanzaniya da Mozambik, wanda Sawahilawa ke kira mpingo. Bishiyar kan shafe shekara 70 zuwa 100 kafin ta isa sara, don haka idan taka ta tsage, ba ƙaramar asara ka yi ba.

Me ke tsaga ta? Numfashinka yana da ɗumi da danshi. Kana busawa cikinta na jiƙewa yana kumbura, bayanta kuwa a bushe yake ƙamas. Wannan ja-in-jar ce ke fasa katakon, galibi a gaɓar sama. A nan Arewa hunturu ne babban abokin gaba, lokacin da hatta leɓe da dunduniya tsagewa suke yi.

Masu goyon bayan mai sun ce yana rage saurin shan ruwan katakon. Ɗaya ɓangaren kuma sun ce iccen yana da tauri da maiƙonsa na halitta, kuma an riga an jiƙa shi da mai tun a masana'anta, don haka wanda ka shafa iyakarsa sama-sama. Kowa da gaskiyarsa. Mai na iya taimakon tsohuwar kilarinet da cikinta ya yi furu-furu, amma ba ya hana tsagewa idan ana wasa da ita tsakanin zafi da sanyi. Idan za ka shafa, ɗan ɗigo kaɗan na man da aka yi dominta ya isa, sau ɗaya ko biyu a shekara. Kada ya taɓa 'yan matasan da ke toshe ramuka, don danƙo za su yi su lalace. Man gyaɗa da manja kuwa, a bar su a kicin, ɗoyi suke yi idan sun daɗe. Ta roba irin ta 'yan koyo ba ruwanta da mai sam.

Abin da ya fi mai muhimmanci shi ne ɗabi'ar kullum. Kana gama busa, ka zura tsumma mai igiya ka tsane cikinta. Ka cire ɗan harshen gorar da ke bakinta ya sha iska. Ka warware gaɓoɓin ka mayar akwati, kada ka bar ta a mota cikin rana ko a bakin na'urar sanyaya ɗaki. Da sanyin asuba, ka ɗumama gaɓar sama a hammata kafin ka fara. Sabuwa ce? Minti 15 zuwa 30 a rana ya wadatar a makonnin farko. Idan zobban ƙarfenta suka fara sako-sako, katakon ya bushe ke nan, sai ka sa ɗan soso mai laima a akwatin, ba tare da ya taɓa ta ba.

Rigakafi dai ya fi magani. Ka ga alamar tsaga ko da kamar silin gashi ce? Daina busa, nemi mai gyara.