Ba Kowace "Notice" Ce "Sanarwa" Ba

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya ratsa Birnin Kudu, ko ya karkata zuwa Gwaram, zai ga alluna a bakin titi da ƙofar asibiti da ofisoshin ƙaramar hukuma. Da yawansu da kalmar Ingilishi suke farawa, watau "Notice", ko "Attention", ko "Warning", ko "Beware". In an zo fassara kuwa, sau da yawa sai a tattara su duka a kira su "Sanarwa". To, a nan gizo yake saƙa, domin manomin da ya kawo majinyaci asibiti ba zai gane ba ko labarin taro ake ba shi, ko kuwa rami ne a gabansa.

Su kansu Turawa ba su mai da kalmomin nan ɗaya ba. Mutanen ƙasar Holan, waɗanda harshensu ɗan'uwan Ingilishi ne na kusa, suna cewa "Let op" in suna so mutum ya lura da wani abu, amma in akwai haɗari sai su ce "Pas op". Takardar hukuma kuma "kennisgeving" suke kiranta. Abin sha'awa, wannan "Pas op" ta bi jikokin 'yan Holan da suka zauna a Afirka ta Kudu, har ta shiga bakin Zulu ta zama "bhasobha".

Kafin a zo ga allo da takarda, murya ce ke wannan aiki. Mai shela a Ingila yakan ɗaga murya ya ce "Oyez" sau uku, tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin "ku ji", wadda har yau da ita ake buɗe zaman Kotun Ƙoli ta Amurka. Takwaransa na Holan kuwa cewa yake "Hoort, zegt het voort", watau ku ji, ku kai gaba. Wanda ya taɓa jin sankira yana zaga unguwa da magariba yana cewa wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, ya san maganar ɗaya ce.

Gaskiyar magana, Hausa ba ta gaza ko ɗaya daga cikin harsunan nan biyu ba. Mai kaya a ka cikin kasuwa "gafara" yake cewa, roƙo ne a ba shi hanya. "Hattara" ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba, ita ce dogarai ke faɗa in sarki na tafe, don kada ya yi tuntuɓe. "Cigiya" ta wanda akuyarsa ko ɗansa ya ɓace ce. "Yekuwa" umurni ne daga sama, "gangami" kuwa kiran jama'a ne su hallara, kuma a zamanin da, in aka ji an buga kuge, an san batun yaƙi ne. Kowace tana gaya wa mai sauraro irin saurin da zai yi tun bai ji sauran maganar ba.

Ƙasar Birnin Kudu ma ta daɗe da sanin amo mai juyo da kai. A duwatsunta masu zanen shanu ne Bernard Fagg, masanin kayan tarihi, ya tarar da duwatsun da ke ƙara kamar ƙarfe in an buga su, ya kuma bayyana wa duniya labarinsu a 1956.

Saboda haka akawun da aka ba aikin rubuta allo, da ɗalibin da zai gaje shi gobe, lalle ne su fara tambayar kansu abin da zai sami mai karatu in ya wuce bai kula ba. In taro kawai zai rasa, "Sanarwa" ta isa. In tara ce za ta hau kansa, "Gargaɗi" ya dace. Amma kwalbatin da ruwan damina ya zaizaye a kan hanyar Gwaram, "Hattara" ya kamata a rubuta a gabansa da jan fenti, da boko da ajami, domin akwai dattawa da almajirai masu yawa da ajamin kaɗai suke karantawa.