Ina Darasin Faransanci Ya Shiga? Tambaya Ga Ɗaliban Faskari, Ƙanƙara Da Sabuwa

Ku ɗauko jadawalin darussan ajinku ku duba. A makarantu da yawa na yankinmu za ku ga an rubuta Faransanci, amma idan lokacinsa ya yi, sai aji ya zauna shiru, ko malamin lissafi ya shigo ya cike gurbin. A wasu makarantun ma an daina rubuta shi. Larabci kuwa, da yawanmu mun iya karanta shi tun daga makarantar allo da Islamiyya, amma da za a haɗa mu da Balarabe mu yi hira ta minti biyar, sai gumi ya keto mana.

Ba haka aka tsara ba. A shekarar 1996 shugaban ƙasa na wancan lokaci, Janar Sani Abacha, ya ayyana Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu a Nijeriya, daga baya kuma tsarin ilimi na ƙasa ya wajabta koyar da shi a ƙaramar sakandare. Gwamnatin tarayya ta buɗe cibiyar koyon Faransanci a Badagry ta jihar Legas, da ta Larabci a Ngala ta jihar Borno. Dalilin a fili yake: Nijar, Chadi, Kamaru da Benin, wato duk ƙasashen da suka kewaye mu, suna aiki da Faransanci.

To me ya faru? Abu na farko ƙarancin malamai. Masu karanta Faransanci a kwalejojin ilimi ba su da yawa, kuma waɗanda suka gama sun fi son zama a birni. Na biyu matsalar tsaro. Ba mu manta daren 11 ga Disamba 2020 ba, lokacin da aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Baƙon malami ko mai bautar ƙasa da ya ji wannan labari, da wuya ya yarda a turo shi ƙauyukanmu. Na uku kuwa laifin namu ne: muna ganin darasin da ba Turanci ko lissafi ba ɓata lokaci ne. Wannan ciwo bai tsaya a kanmu ba. A Ingila, tun da aka bar wa ɗalibai 'yan shekara 14 zaɓin ajiye harsunan waje a 2004, masu zana jarrabawar Faransanci da Jamusanci suka ragu ƙwarai.

Wani zai ce, ai mutanen Maraɗi Hausawa ne, me zan yi da Faransanci? Gaskiya ne, har ma a 2025 Nijar ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Amma Faransanci na nan a matsayin harshen aiki, kuma takardun kwastam, na asibiti da na jami'a galibi da shi ake rubuta su. Hausar can ma ta sha Faransanci. Idan ɗan Maraɗi ya ce maka zai tafi "lakwal" ya gaida "mushe", kada ka zaci dabbar da ta mutu ba yanka yake nufi. Makaranta zai je ya gaida malaminsa. Ga kuma layin dogo da aka fara ginawa a 2021 daga Kano, ya bi ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Ranar da jirgi ya fara kai da kawowa, za a nemi akawu, jami'an tasha da tafinta. Tsakanin mai harshe biyu da mai harshe huɗu, wa kuke ganin za a fara kira?

Tarihin jiharmu ma ya isa darasi. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya yi karatu a Katsina, ya tafi aikin hajji, kuma a 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan lissafin hatimi, wato gidajen lambobi waɗanda duk ta inda ka haɗa su jimla ɗaya suke bayarwa. Ya rasu a Alƙahira a 1741, har yau masana tarihin lissafi na ambatonsa. Larabci ne ya kai sunansa inda ƙafarsa ba ta je ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta yi rubutu da Larabci, Fulatanci da Hausa. Abubakar Imam, ɗalibin Kwalejin Katsina, da Larabcinsa da Turancinsa ya ɗebo labaran wasu al'ummu ya ɗinka musu rigar Hausa a Magana Jari Ce.

Kada kuma ku raina naku. Gidajen rediyon BBC, DW da RFI suna da sashen Hausa, kuma aikinsu na yau da kullum fassara ne: a karɓi labari da wani harshe a mayar da shi Hausa mai kyau. Wanda Hausarsa ta lalace ba zai ci wannan kasuwa ba, komai Turancinsa. Ko a kasuwar Sheme, dillalin da ya iya Fulatanci ya fi saurin gama ciniki da mai shanu. Zaman lafiya ma da magana ake ƙulla shi, domin wanda ka gaisar da harshensa ya fi saurin sakin jiki da kai.

Me ɗalibi zai yi kafin malami ya zo? Ku ware littafi guda, ku riƙa rubuta kalmomi biyar kullum. A shekara sun haura 1,800. Idan akwai rediyo a gida, ku saurari labarai da Hausa, sannan ku kamo su da Faransanci ko Larabci, za ku ji kunnenku na sabawa. Ku roƙi malamin Islamiyya ya ware minti goma na hira da Larabci zalla. Ku haɗa ƙungiyar harsuna a makaranta, ko da ku biyar ne. Idan akwai ɗan Nijar da ya yi lakwal a unguwarku, ku gaishe shi ku nemi ya koya muku. Sannan ku rubuta wa shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai wasiƙa cikin ladabi, ku nemi a samo muku malami, tun da haƙƙinku ne a tsarin ilimi.

Hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawar Faransanci da Larabci, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma tana ba da digiri a duka biyun. Ƙofa a buɗe take, masu shiga ne suka yi ƙaranci. Da safe ake kama fara, ƙannena. Wace kalma za ku fara rubutawa yau?