Tattaki Domin Waɗanda Ƙafa Ta Gaza Musu

Idan muka ɗaga hannu a aji don amsa tambaya, saƙo ne ya taso daga ƙwaƙwalwa, ya bi ta lakar baya, ya isa ga tsoka. Wasu ƙwayoyin jijiya ne 'yan aiken da ke kai wannan saƙo. Akwai wata cuta da likitoci ke kira MND, wadda ke kashe 'yan aiken nan sannu a hankali. Mai ita yakan fara da tuntuɓe ko kasa riƙe biro, daga baya magana da haɗiyar abinci su gagare shi, ƙarshe har numfashi. Amma yana gani, yana ji, galibi kuma hankalinsa garau. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma har yau ba ta da magani. Yawancin masu ita kan rayu shekara 2 zuwa 5 bayan an gano ta, ko da yake masanin kimiyya Stephen Hawking, wanda aka gano tasa a 1963, sai 2018 ya rasu.

To, tunda babu magani, me jama'a za su iya yi? A Ingila da Amurka sun zaɓi tattaki. Mutanen unguwa kan sa rana su fito, yara da tsofaffi, masu lafiya suna tura kekunan marasa lafiya. Kafin ranar, kowane mai tattaki yakan zagaya dangi da abokai, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar. Kuɗin na zuwa ga sayen keken guragu, da na'urar da ke magana a madadin wanda muryarsa ta ɗauke, da kuma bincike.

Wanda ya fi ba mu mamaki shi ne Kevin Sinfield, tsohon ɗan wasan zari-ruga na garin Leeds. Da cutar ta kama abokinsa Rob Burrow, sai ya yi gudun kilomita 42 kowace rana har kwana 7 a Disambar 2020. Fam 77,777 ya yi niyyar tarawa, aka ba shi sama da fam miliyan 2. A 2023, a wani gudun, ya turo Burrow a keke, da suka zo ƙarshe ya ɗauke shi cak ya tsallaka layi da shi. Burrow ya rasu a 2024.

Kada mu ce wannan sha'anin Turai ne. Shan inna ma irin waɗannan ƙwayoyin jijiya take lalatawa, sai dai ita ƙwayar cuta ke haddasa ta, tana yaɗuwa, kuma tana da rigakafi. Sunan kansa ya tona yadda mutanen da suka ɗauke ta: aikin iska. Haka kuwa ake yi wa baligin da jikinsa ya fara mutuwa ba dalili. Sai a ce sammu ne, a bar shi a ƙuryar ɗaki, kuɗin gida su ƙare kafin a tuna da asibitin koyarwa na ABU da ke Shika. A ganinmu, nan tattaki ya fi amfani: yana fito da mara lafiya idon jama'a, maƙwabta su san akwai shi.

Idan ɗaliban wata makaranta suka so tattaki daga Tukur-Tukur zuwa Ƙofar Doka, ba sai da miliyoyi ba. A fara da izinin shugaban makaranta da mai unguwa, kuɗi su kasance a hannun malami, a rubuta kowace naira. A kuma tambayi mara lafiya da iyalinsa kafin a ambaci sunansa; wani keke yake buƙata, wani katifa, wani kuwa kuɗin motar zuwa Shika. Ranar 21 ga Yuni ce ranar MND ta duniya, ta shan inna kuma 24 ga Oktoba.