Zagayen Tassili: mako guda a ƙafa cikin dajin duwatsu

Ƴan kasuwarmu da ke bin hanyar arewa sun san Janet, garin dabinon nan na kudu maso gabashin Aljeriya, kusa da iyakar Libiya. Mafi yawansu kasuwa da tasha kaɗai suka sani: a sauke kaya, a ɗauki kaya, a juyo. Amma duk wanda ya ɗaga kai ya dubi gabas daga cikin garin zai ga wata katangar dutse ta tokare sama, ta miƙe iyakar ganin ido. Gefen tsaunin Tassili n'Ajjer ke nan. A bisansa akwai wata hanyar ƙafa wadda mutane ke tasowa tun daga ƙasashen Turai domin su bi ta, su biya kuɗi masu yawa, su kwana a ƙasa.

Hanyar zagaye ce, wadda kan ci kusan mako guda. Mota kat-kat takan kai matafiya gindin mashigar Tafilalet, nan aikinta ya ƙare. Daga nan sai ƙafa. Jakuna ke ɗaukar ruwa da abinci da barguna, su bi tasu hanyar mai sauƙi, mutane kuwa su kama hawa tun da asuba, hawan da kan cinye rabin yini. Janet tana kan tsayin mita 1000 da ƴan kai, saman tsaunin kuwa ya kai wajen mita 1700. Doka ta hana kowa hawa ba tare da ja-gora mai izinin hukumar kula da wurin ba. Wanda ya hau sau ɗaya ba zai ƙara tambayar dalili ba.

Dalilin shi ne irin dutsen. Rairayi ne da ya taru ya daskare fiye da shekara miliyan 400 da suka wuce. Ruwa ya bi tsagoginsa ya ci, iska ta zo ta ƙarasa, har abin da dā yake shimfiɗe ya koma ginshiƙai da lunguna da ƙofofi, sai ka ce tsohon birni da mutanensa suka watse. Kowane lungu ya yi kama da ɗan'uwansa. Baƙo zai iya ratsewa daga ayari da taki hamsin ya rasa gabas da yamma, alhali ruwan sha yana cikin ƴan kwarurrukan dutse ne waɗanda Abzinawan Ajjer kaɗai suka san wanda ke riƙe da ruwa a wace shekara. Daga watan Oktoba zuwa Afrilu ake yin tafiyar. A Disamba da Janairu sanyin dare kan sa ruwa ya ƙanƙare a cikin bido.

Zangon farko Tamrit ne. A kwarinsa akwai wasu manyan itatuwa da ake kira tarut, waɗanda ba sa fita da kansu a ko'ina a duniya sai a wannan tsauni. Ƙidayar da aka yi ta nuna ba su kai 250 ba, wasunsu kuma sun haura shekara 2000. Ƙwayarsu ba ta cika tsira ba, domin ruwan saman da iyayensu suka tashi da shi ya daɗe da ɗaukewa.

Abin da ke kawo mutane dai yana gaba, a Tin Tazarift da Sefar da Jabbaren. Gindin ginshiƙan nan ya zaizaye ya zama rumfuna, a jikin rumfunan kuma mutanen dā suka yi zane da jar ƙasa da farar ƙasa. An ƙidaya zane da sassaƙe fiye da 15,000 a faɗin Tassili. Mafi tsufa a wannan hanya su ne mutane masu kewayayyen kai, ba ido ba baki. Na Sefar, wanda ya ɗaga hannuwa biyu, ya kai mita 3. Bayan su sai zamanin shanu, wajen shekara 7000 baya: garke-garke, kowace saniya da launinta da irin ƙahonta, mata da kitso, yara a bakin bukka. Daga baya dawaki da keken doki suka bayyana, a ƙarshe raƙumi. Mai tafiya yana tsaye a wurin da ko akuya ba ta samun abin tsinka, yana kallon makiyayar da ta fi ta Azawak albarka. Marigayi Amadu Hampate Ba, masanin nan na Mali, da ya ga kwafin wasu zanen ya ce ya gane bikin wankan shanu na Fulani a ciki. Akwai masu binciken da ba su yarda da shi ba.

Zanen ya yi dubban shekaru babu wanda ya taɓa shi. Ɓarnar ta zo ne tare da masu sha'awarsa. A 1956 Bafaranshen nan Henri Lhote ya hau tsaunin da ayarin masu zane, Jebrin ag Mohammed yana nuna musu hanya, suka yi wata 16 suna kwafa. Domin launin ya fito sosai sai su jiƙa bangon da soso. Baƙin da suka biyo baya suka koyi dabarar, kowa na son hotonsa ya yi kyau. Jiƙawa da gogewa suka dusasar da zane da yawa, har akwai waɗanda a yau sai a littafi ake ganinsu da kyau. Wasu kuma sun rubuta sunayensu a kai, wasu sun ɓanɓare dutsen sun tafi da shi, wasu sun tsince kan kibiyoyi da duwatsun niƙa. Aljeriya ta mai da wurin gandun da doka ta kare a 1972, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1982. Sai dai gandun ya kai murabba'in kilomita 72,000, wanda babu adadin ma'aikatan da zai tsare shi. A zahiri ja-goran da ke gaban ayari shi ne mai gadi, shi ke cewa kada a taɓa.

Shi kuwa ja-gora abincinsa na rataye ne da zuwan baƙi. A 2003, da aka sace ƴan yawon buɗe ido 32 a kudancin Aljeriya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Mai jaki da mai dafuwa da direba duka suka zauna. Mutanen Agadas ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Mu ma muna da irin dutsen: raƙuman dawa na Dabus, a kan hanyar Arlit, a jikin dutsen rairayi aka sassaƙa su, babban ya haura mita 5, kuma shi ma mutanen wurin ne ke gadinsa.

Daga Jabbaren, wanda ma'anarsa ƙattai a harshen Abzinawa, ake saukowa ta mashigar Arum. Gangaren ya fi hawan cin gwiwa, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin takalmi, ba mai magana sai an kai ƙasa. A can motar ke jira, direba ya riga ya ɗora shayi.