Kilinka: Daga Juji Zuwa Buhun Siminti

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Lome zuwa Wagadugu ya ga manyan motoci ɗauke da wasu duwatsu masu launin toka. Direbobinmu na kiransu kilinka. Ainihin kalmar ita ce clinker, ta Ingilishi, kuma Faransanci ya are ta yadda take.

To amma su ma Ingilishi aro suka yi, daga mutanen Holan, tun ƙarni na 17. A can, sunan wani tubali ne da aka gasa har ya ƙeƙashe, in an ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara. Sunan daga ƙarar ya fito. Bayan haka sai aka laƙaba shi ga dunƙulen da ke saura a murhu in kwal ya cinye, abin da ba ya ƙonewa, sai dai a kwashe a zubar. Mafi kusa da wannan a harshenmu shi ne kashin maƙera, irin wanda ke warwatse a tsofaffin wuraren narka tama, kamar Durula da Kindibo, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2019.

Darajarsa ta zo ne ta hanyar siminti. Wajen 1845 wani Bature a Ingila, Isaac Johnson, ya niƙa dunƙulen da wuta ta yi wa yawa, waɗanda da can ake ɗauka ɓarna ce, sai ya ga simintinsu ya fi ƙarfi. Yau da gangan ake yinsa: a haɗa dutsen farar ƙasa da yumɓu, a gasa su a zafin digiri 1450, sannan a niƙa.

Ina ruwanmu? Ai da ruwanmu. Tun da aikin ZACA ya rushe Zangwatin da wani sashe na Kuluba a 2003, iyalai da yawa suka koma sabbin filaye, inda gini sai da bulo. Masana'antar Cimburkina da aka buɗe a Kosodo a 2015 niƙa kawai take yi. Kilinkar daga Tabligbo ta ƙasar Togo ake ɗauko ta. Malbaza da Sakkwato kuwa, dutsen na nan kusa da su, da kansu suke gasawa. Don haka kuɗin mai da na mota da jinkirin kan iyaka a Sinkanse duk suna cikin farashin buhun da magini ke saye a nan.