Kyanwa Na Ci Tana Ramewa: Ina Abincin Yake Tafiya?

A wani gida na 'yan'uwanmu da ke Zangon Hausawa a nan Tamale akwai wata kyanwa da ta shekara huɗu tana tsaron ɗakin ajiya. Tun da ta zo, ɓera bai ƙara huda buhun masara ko na gyaɗa ba. A hunturun da ya wuce muka kai ziyara, muka tarar ta zama ƙashi da fata, gashinta ya tashi ya dushe, amma da zarar an ajiye kwano sai ta faɗa masa kamar wadda ta kwana uku ba ta ci ba. Da muka yi magana, sai uwargidan ta ce mana, "Haba 'ya'yana, ai tana ci. Wanda ke ci ba shi da ciwo."

Wannan magana ce ta sa muka ɗauki alƙalami, domin mun ji irinta a gidaje da yawa. Mun saba auna lafiya da cin abinci, ga mutum ko ga dabba, kuma sau da yawa ma'aunin yakan yi daidai. Sai dai akwai cututtukan da babbar alamarsu ita ce yawan ci tare da rama. Idan abinci yana shiga jiki bai nuna ba, to akwai inda yake zurarewa, kuma wajibin mai gida ne ya nemo wurin.

Mu fara tabbatar da ramar

Ido yakan yaudari wanda ke ganin dabba kullum. Babbar kyanwa mai lafiya takan kai kilo 3 zuwa 5. Idan mai kilo 4 ta rasa giram 400, ta rasa kashi 10 cikin 100 na jikinta ke nan, daidai da magidanci mai kilo 70 ya zubar da kilo 7. Babu wanda zai ga haka ga ɗan'uwansa ya yi shiru.

A saka ta cikin kwando ko jaka a rataya a sikelin da ake auna kaya, a cire nauyin kwandon, a rubuta a takarda, a maimaita kowane mako biyu. Sannan a shafa gadon bayanta da haƙarƙarinta. Ga mai lafiya za a ji ƙasusuwan a ƙarƙashin ɗan nama. Idan suna sukar tafin hannu, ramar ta yi nisa. Kyanwar da ke shayar da 'ya'ya takan ci ninki biyu ko fiye ta kuma ɗan rame, wannan ba ciwo ba ne, ƙarin abinci take bukata har ta yaye su.

Abin da ke cikin kwanon

Kafin a zargi ciwo, a duba abin da ake ba ta. A gidajenmu rabon kyanwa shi ne ragowar tuwo, ƙanzon shinkafa, wani lokaci koko. Allah ya halicci kyanwa maciyar nama, ba kamar kare ko kaza ba, waɗanda hatsi ke iya riƙewa. Akwai wani sinadari mai suna torin da jikinta ba ya iya samar da isasshensa, sai daga nama ko kifi. A 1975 masu bincike a Amurka suka nuna cewa rashinsa yana makantar da kyanwa, a 1987 kuma wasu a Jami'ar Kalifoniya suka gano yana raunana zuciyarta. Saboda haka tana iya cika ciki da tuwo sau uku a rana, jikinta kuwa yana cikin yunwa.

Gyaran ba ya bukatar abincin gwangwani mai tsada. Kan kifi dafaffe, ƙananan busassun kifi na kasuwar Aboabo da aka jiƙa aka rage musu gishiri, dafaffen ƙwai, da guntayen nama da kayan ciki daga wajen mahauta suna taimakawa ƙwarai. A guji ba ta miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, domin suna lalata jinin kyanwa. Madara kuma, duk da sonta da take yi, takan sa yawancin manyan kyanwoyi zawo.

Baƙin da ke cikin hanji

Ga kyanwar da ke farauta, abin da ya kamata a fara zargi shi ne tsutsar ciki. Iri uku ne suka fi damunta. Akwai doguwa fara mai kama da taliya, wadda 'ya'yan kyanwa ke sha tun a nonon uwa, manya kuma su samu daga ƙasa ko daga ɓera. Akwai tsila, wadda ke shiga idan kyanwa ta ci ɓera ko ta haɗiye ƙuma tana lasar jikinta, kuma akan ga gaɓoɓinta kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiya ko a wurin kwanciyarta. Akwai kuma wata ƙarama mai maƙale wa hanji tana shan jini, har dasashin dabbar ya yi fari. Ashe aikin da muke yaba mata a kansa, wato kamun ɓera, shi ne ƙofar da ciwon ke shigowa.

A nan ne maganar ta shafi 'ya'yanmu. Kyanwa tana binne kashinta a yashi mai laushi, irin wanda ake tarawa don gini a tsakar gida, inda yara ke wasa. Ƙwayayen doguwar tsutsar sukan nuna cikin makonni kaɗan a ƙasa, su kuma daɗe da rai, musamman da damina. Yaron da ya kai hannu baki zai iya haɗiye su, kuma ko da yake yawanci abin yakan wuce ba a sani ba, wani lokaci tsutsar takan kai ga hanta ko ido. Maganin kyanwa, ke nan, kariya ce ga ɗan da ke rarrafe.

Abin da aka samu ga kyanwar Zango ke nan da aka kai kashinta aka duba a madubin likita. Aka ba ta magani, aka maimaita bayan mako biyu, aka ƙara mata kifi. Kafin damina ta sauka ta murmure. Abin lura shi ne maganin da ke kashe doguwar tsutsa ba lalle ya kashe tsila ba, ita tana bukatar wanda ake kira firazikwantel, kuma in ba a kawar da ƙuma ba za ta dawo. Kyanwar da ke farauta tana bukatar maganin tsutsa aƙalla duk bayan wata uku.

Idan ta tsufa

Idan kyanwa ta haura shekara 8 ko 10, aka ba ta maganin tsutsa ramar ba ta tsaya ba, hankali sai ya koma ga wasu cututtuka biyu.

Na farko ciwon ƙulluwar wuya ne, wadda likitoci ke kira tayirod, wato wadda in ta kumbura ga mutum muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne daidaita saurin da jiki ke ƙona abinci. Idan ta yi aiki fiye da kima, jiki yakan zama kamar murhun da aka tura wa itace ana ta fifita: komai aka zuba ya cinye. Likitan dabbobi Mark Peterson da abokan aikinsa ne suka fara bayyana wannan ciwo ga kyanwa a birnin New York a 1979, yau kuwa yana cikin cututtukan da aka fi samu ga tsofaffin kyanwoyi. Alamominsa su ne ci ba ƙoshi, rashin natsuwa, kukan dare, yawan shan ruwa, amai, da bugun zuciya mai sauri. Yawanci kumburin ba kansa ba ne. Ana gane shi da gwajin jini, ana kuma riƙe shi da ƙwayar magani ta kullum ko a yi tiyata. In an ƙyale shi, yakan gajiyar da zuciya, ya hau da jini har ido ya mutu.

Na biyu ciwon sukari ne, irin wanda muka sani ga mutane. Abinci ya narke ya shiga jini, amma ya kasa shiga tsoka, sai ya fita ta fitsari, dabba tana ci tana jin yunwa. Ya fi kama muzuru mai ƙiba da ya manyanta. Za a ga kwanon ruwa yana ƙarewa da wuri, fitsari ya yawaita, wani lokaci kiyashi su taru a inda ta yi shi. Wata takan fara taka ƙasa da dukan dunduniyar ƙafafun baya. Asalin maganinsa allurar insulin ce da gyaran abinci, kuma tun 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar sha ga wasu kyanwoyin.

Bayan waɗannan akwai ciwon hanji mai daɗewa, inda hanjin ke kasa tsotse amfanin abinci. Alamarsa zawo ko amai da ke tafiya yana dawowa tsawon watanni.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne

Babban kuskuren da tausayi ke jawowa shi ne a ɗauko maganin mutane. Farasitamol, wanda babu gidan da ba shi, guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka maganin kaska da ƙuma na shanu ko na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Maganin tsutsar tumaki ma ba a kintatarsa ga dabbar da ba ta kai nauyin ɗan rago sabon haihuwa biyu ba.

Mu a Tamale ba mu da uzurin rashin masana. Akwai ma'aikatan Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta gwamnati a cikin gari, a Pong-Tamale kuma, kan hanyar Bolgatanga bayan an wuce Savelugu, akwai ɗakin gwaje-gwaje da makarantar horar da ma'aikatan dabbobi, wurin da aka kafa tun zamanin mulkin Ingila domin yaƙi da cututtukan shanu. Mun saba kai musu maganar sa da rago, ba mu saba kai ta kyanwa ba, har wani yakan ji kunyar a gan shi da ita a kwando. Mai zuwa ya tafi da ɗan kashinta na ranar a cikin leda, da takardar awon nauyi, ya kuma iya faɗin shekarunta, abin da take ci, da yawan ruwan da take sha. Ya roƙi a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare a tafiya ɗaya, domin kyanwa ma tana ɗaukarsa. Idan kuwa mai yawan ci ta daina ci kwatsam, ko ta kwanta ba ƙarfi, ko numfashinta ya yi sama, kada a kwana.

Amana ce

Dukanmu mun taso muna jin hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Mun san kuma sahabin da ake yi wa laƙabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwar da yake ɗauka. Babu mai cewa wanda ke zuba wa kyanwarsa tuwo safe da yamma ya yi kama da waccan mata. Amma manufar ciyarwa ita ce jiki ya amfana, kuma dabbar da ba ta da bakin faɗin ciwonta, jikinta ne ke yi mata magana.

Saboda haka yau da daddare, idan ta zo tana goga jiki a ƙafafunmu, mu sa hannu mu shafa gadon bayanta. In mun ji ƙashi, mu auna ta, mu gyara kwanonta, mu rufe yashin da yara ke wasa, mu sa su wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, sannan mu nemi likitan dabbobi. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin duk abin da ya sa a ƙarƙashin kulawarmu, amin.